Jagorar Haɗa Filasmid Mai Sa Furotin Ƙyalli a Cikin Sel na Dabbobi Masu Shayarwa

Ranar farko da ɗalibi ya leƙa maikuroskof a cikin ɗaki mai duhu ya ga sel ɗinsa sun yi kore shar, da wuya ya iya ɓoye murnarsa, kuma nakan ƙyale shi na ɗan lokaci kafin in tambaye shi abin da ya gani. Amsar da aka saba ba ni ita ce furotin ya fito. Abin da idonsa ya gani kuwa hasken GFP ne kawai, wato furotin mai ƙyallin kore da aka liƙa wa nasa, wanda yake iya bayyana ko furotin ɗin da ake bincike ya tsinke, ko ya ɓace hanya ya tare a inda ba mazauninsa ba, ko ma bai samu ba sam. Na rubuta wannan jagora ne domin ɗaliban digiri na biyu da na uku a nan Bauchi, inda kowane enzayim, wato furotin da ake yanka DNA ko ɗinka shi ko kwafarsa da shi, sai an yi odarsa daga waje an jira makonni, saboda haka kuskure guda yana iya cinye zangon karatu guda.

Abin da ake haɗawa

GFP furotin ne mai amino asid 238 wanda Osamu Shimomura ya fara tacewa a 1962 daga wata halittar teku mai suna Aequorea victoria. A 1994 Martin Chalfie ya nuna cewa yana haskawa a jikin wasu halittu daban, Roger Tsien kuma ya sassauya shi ya fitar da launuka iri-iri, har su ukun suka karɓi kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2008. Amfaninsa shi ne ba ya buƙatar a ƙara masa wani rini, domin yana ƙera ƙwayar haskensa da kansa daga amino asid uku na jikinsa, muddin akwai iskar oksijin. Idan aka liƙa rubutun DNA ɗinsa da na furotin ɗin da ake son bibiya, sel zai ƙera su a matsayin abu guda, ya zama duk inda furotin ya nufa yana ɗauke da fitilarsa.

Filasmid shi ne zoben DNA da ke ɗauke da wannan rubutu, kuma gida biyu yake yi wa aiki. A cikin bakteriyar E. coli ake ninka shi, don haka yana da wurin fara kwafi da kariya daga wani maganin kashe bakteriya. A cikin sel na dabba ake karanta shi, don haka yana da furomota, wato makunnin da ke tayar da karatun, da alamar rufewa a ƙarshe. Filasmid pEGFP-N1 da pEGFP-C1 na kamfanin Clontech, masu tsawon harufa kusan 4,700, suna jure kanamaisin a cikin bakteriya, pcDNA3.1 kuwa amfisilin yake jurewa. Wanda ya zuba na farko a farantin amfisilin zai wayi gari da faranti fayau, ya kuma ɗora laifin a kan bakteriyar da ba ta yi komai ba.

Mataki na farko: kai ko wutsiya

Tun ran gini ran zane. Kafin a sayi ko da firaima guda, wato gajeren DNA da ake fara kwafi da shi, a zauna da biro da takarda a yanke shawarar gefen da za a rataya fitilar, domin yawancin ayyukan da suka lalace a nan suka lalace. Furotin yana da kai, wanda ake kira gefen N, da wutsiya, wadda ake kira gefen C, kuma sau da yawa adireshin da ke kai shi mazauninsa yana rubuce ne a ɗaya daga cikinsu. Furotin da ake fitarwa wajen sel, da wanda ke shiga maitokondiriya, galibi a kai suke ɗauke da adireshinsu, kuma akan yanke wannan ɓangare bayan sun isa. Idan aka ɗora GFP a gabansu, ko dai adireshin ya rufe furotin ya rasa hanya, ko kuma a yanke fitilar tare da shi. Irin waɗannan a wutsiya ake rataya musu. Wasu kuma a ƙarshen wutsiya adireshinsu yake, kamar KDEL mai tsare furotin a cikin endofilasmik retikulum, da SKL mai kai shi feroksisom, da CAAX na dangin Ras mai liƙa shi a fatar sel, kuma waɗannan a kai ake sa musu. Bayanan kowane furotin suna nan kyauta a UniProt, ma'ajiyar bayanan furotin ta intanet. Idan ba a sami hujja mai ƙarfi ba, a haɗa duka biyun a gwada, domin kuɗin ƙarin firaima biyu bai kai asarar wata uku ba.

Sunayen filasmid ɗin kansu suna rikita mutane. A pEGFP-N1 furotin ɗinka ne ke zama a gaban GFP, wato fitilar tana wutsiyarsa. A pEGFP-C1 GFP ne a gaba, furotin ɗinka yana biye. Harafin yana nuni ne da gefen GFP da aka liƙa wa abu.

Sai launi. EGFP, wanda aka gyara daga na asali, yana karɓar shuɗin haske mai tsawon nanomita 488 ya mayar da kore wajen 507. mCherry, wanda ɗakin binciken Tsien ya fitar a 2004, yana karɓa a 587 ya mayar da ja a 610. Akwai mNeonGreen da mScarlet masu ƙarfin haske fiye da waɗannan, amma shawarata ita ce a fara zuwa a duba matatan hasken da ke jikin maikuroskof ɗin da za a yi aiki da shi, domin furotin mafi kyau a duniya ba shi da amfani idan na'urarka ba ta ganinsa. Matacin FITC yana ganin EGFP, na Texas Red yana ganin mCherry. Wasu abubuwa biyu sun cancanci kulawa. Hasken EGFP yana dushewa a wuri mai tsami irin cikin laisosom, inda mCherry ke jurewa. Sannan EGFP yana da ɗabi'ar manne wa ɗan'uwansa idan sun yi cunkoso, abin da ke iya tara furotin na fatar sel ya zama curi-curi, kuma maganin wannan shi ne nau'in mEGFP mai canjin A206K.

Game da furomota, CMV shi ne ruwan dare kuma yana da ƙarfi ƙwarai a sel irin HEK293T da HeLa, har ƙarfin nasa yakan zama matsala idan furotin ya yi ambaliya ya cika wuraren da ba nasa ba. EF1α ya fi ɗorewa a aikin dogon lokaci, PGK da UbC kuma sun fi sauƙin hannu. Wanda ke son sanin sel ɗin da suka karɓi filasmid kawai, ba tare da ɗora wa furotin kaya ba, sai ya raba su da P2A ko IRES, guntayen rubutun da ke sa sel ya fitar da su daban-daban, amma ya sani cewa hasken a nan ba ya nuna mazaunin furotin.

Mataki na biyu: lissafin harufa uku-uku

Sel yana karanta DNA ne harufa uku-uku, kowane uku kodon guda, mai nuna amino asid guda ko alamar tsayawa. A ɗauki jimlar YAU ALI ZAI SHA, a cire harafin farko, a sake yanka ta uku-uku, sai ta koma AUA LIZ AIS HA. Haka rubutun furotin ke wargajewa idan aka sami rarar harafi ko giɓinsa a mahaɗa.

Ga misali da pEGFP-N1. Daga wurin da enzayim BamHI ke yanka zuwa farkon EGFP, jerin shi ne G GAT CCA CCG GTC GCC ACC ATG. Harafin G na farko shi kaɗai yake tsaye, saboda haka wanda zai yi amfani da BamHI dole ya ƙara harufa biyu tsakanin kodon na ƙarshe na furotin ɗinsa da GGATCC domin su cika uku, kuma kada harufan su zama TA, domin TAG alamar tsayawa ce. A wannan filasmid dole a cire kodon ɗin tsayawa na furotin, a kuma sa GCCACC kafin ATG na farko, wato jerin da Marilyn Kozak ta gano yana taimaka wa sel gane mafari. A pEGFP-C1 akasin haka ne, a bar kodon ɗin tsayawa a ƙarshe. Idan furotin babba ne mai ninki da yawa, a sa mahaɗi mai laushi tsakaninsa da fitilar, kamar GGGGS sau biyu ko uku, domin kowannensu ya naɗe ba tare da takura ɗan'uwansa ba.

A nan ne dalilin tambayar da nake yi wa ɗalibai. A pEGFP-C1 ana karanta GFP kafin a iso furotin ɗinka, don haka ko lissafin ya karkace gaba ɗaya sel za su yi kore. Filasmid da ya rufe bakinsa bai ɗauki komai ba shi ma kore zai bayar, har ya fi na gaskiya haske. Na taɓa ganin ɗalibar da ta kwashe makonni tana ɗaukar hotuna masu kyau na GFP tsura.

A zana komai a Benchling ko SnapGene Viewer ko ApE, a sa manhajar ta fassara jerin zuwa amino asid tun daga ATG har tsayawa, a tabbatar kuma enzayim ɗin da aka zaɓa ba ya yanka a tsakiyar rubutun furotin. A gefen waje na kowane wurin yanka, wato a farkon firaima, a ƙara harufa huɗu zuwa shida, domin enzayim ba ya kama bakin DNA da kyau. Wurin XbaI na pEGFP-N1 ba ya yankuwa idan an ninka filasmid ɗin a bakteriya irin DH5α, saboda tana liƙa masa metil.

Mataki na uku: samo filasmid da adana shi

Babbar ma'ajiyar filasmid ita ce Addgene, ƙungiyar da ba ta neman riba a jihar Masacuset ta Amurka, wadda aka kafa a 2004. A bincika can tukuna, domin mai yiwuwa wani ya riga ya haɗa abin da ake nema. Ba ta aika kaya sai jami'a ta sa hannu a takardar yarjejeniyar miƙa kayan bincike, don haka a fara bin ofishin da ke da alhakin wannan da wuri. A kuma nemi amincewar kwamitin kula da lafiyar bincike na jami'a, domin tun 2015 dokar da ta kafa hukumar NBMA ce ke kula da ayyukan sauya halitta a Najeriya.

Yawanci filasmid yana zuwa ne a cikin bakteriya mai rai a ƙaramar kwalba, kuma ba a so ya wuce mako biyu a firji kafin a shafa shi a faranti. Idan daga abokin aiki za a karɓa, hanya mafi dacewa da yanayinmu ita ce ya ɗiga DNA a takardar tacewa, ya zagaye wurin da fensir, ya busar, ya sa a ambulan. Busasshen DNA yana jure zafin hanya. Enzayim ne ba ya jurewa, shi ya sa nake ba da shawarar a ajiye shi a firizar da ke kan sola da batir, a cikin akwatin sanyi, a kuma raba shi ƙananan kwalabe. Daga koloni guda, wato ɗigon bakteriyar da ya tsiro a faranti, a yi ajiya a gilisarol kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, a ajiye tataccen DNA a wani wuri daban, a kuma bar kwafi a takarda, saboda kwana biyu babu wuta ya isa ya kashe ajiyar bakteriya.

Mataki na huɗu: yanka da ɗinki

A ninka rubutun furotin da PCR, wato hanyar kwafar DNA a kwalba, ta amfani da enzayim mai gyara kuskurensa, irin Q5 ko Phusion, domin Taq na yau da kullum yana shigar da kurakurai. A yanka shi da filasmid da enzayim biyu mabambanta, misali XhoI da BamHI, domin ya shiga ta fuska guda, sannan a raba su a jel mai ware DNA bisa girma a yanko abin da ake so a tace. Wajen ɗinki da T4 ligase ana so guntun da za a saka ya ninka filasmid sau uku a adadi. Idan an ɗauki nanogiram 50 na filasmid mai harufa 4,700, guntun kuma harufa 1,200 ne, sai a raba 1,200 da 4,700, a ninka da 50, a sake ninkawa da 3, a sami nanogiram 38. A haɗa kwalba ta biyu mai filasmid kaɗai, ita ce za ta nuna yawan masu rufewa babu komai. Wanda ya sami kayan haɗin Gibson, hanyar da aka wallafa a 2009, zai huta da neman wuraren yanka, domin harufa 20 zuwa 40 masu kama da juna a bakunan biyu sun wadatar, a digiri 50 cikin sa'a guda.

A zuba haɗin a DH5α a kan ƙanƙara na minti 30, a tsoma a ruwa mai digiri 42 na daƙiƙa 45, a mayar kan ƙanƙara, sannan a ba ta sa'a guda a digiri 37 a ruwan raino marar magani. Da kanamaisin wannan sa'ar wajibi ce. Ma'aunin magani a faranti maikurogiram 50 ne a kowace mililita ga kanamaisin, 100 ga amfisilin.

Washegari a ɗauki koloni shida zuwa takwas, a tace filasmid ɗinsu, a yanka a duba girman guntaye a jel, sannan a aika biyu masu kyau a karanta jerin harufansu. Na san ana jin nauyin wannan kuɗi, kuma na san akan ce ai jel ya nuna, amma jel ba ya ganin harafi guda, kuma harafi guda ne ke karkatar da karatu. A karanta mahaɗar biyu da dukan rubutun furotin. Yanzu akwai kamfanonin da ke karanta filasmid gaba ɗaya da fasahar nanofo, wanda ya fi kwanciyar hankali. Bayan an tabbatar, a tace mai yawa da kayan da ke cire gubar bakteriya, a auna, a ga rabon hasken da yake sha a nanomita 260 da 280 ya tsaya wajen 1.8, alamar tsabtarsa.

Mataki na biyar: shigarwa cikin sel

Mai farawa ya fara da HEK293T, domin suna karɓar DNA cikin sauƙi, kuma suna ninka duk filasmid mai wurin kwafi na SV40, kamar dangin pEGFP. Aibinsu shi ne ƙanana ne masu curewa, kuma ruwa kaɗan ke ɗaga su, don haka a shafa poly-L-lysine a gilashin kafin a shuka su. Domin hoton cikin sel, HeLa ko COS-7 sun fi shimfiɗuwa. Ana rainonsu a ruwan raino na DMEM mai kashi 10 cikin ɗari na FBS, wato ruwan jinin ɗan tayin saniya, a digiri 37 da kashi 5 cikin ɗari na iskar kabon dayoksaid. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta: sel da suka tsufa a faranti, ko suka kwana a inkubetar da wuta ta yanke mata, ko ƙaramar bakteriyar maikofilasma ta kama su, ba za su karɓi komai yadda ya kamata ba. Launin ruwan raino yana ba da labari, rawaya na nufin tsami ya yi yawa, shanshanbale kuma na nufin iskar kabon ta ƙare. A lokacin hunturu ƙura tana shiga ko'ina, don haka a rufe tagogi, a goge komai da ethanol kashi 70 cikin ɗari.

Wajen shigar da DNA cikin sel, sinadarin Lipofectamine yana aiki da kyau, sai dai tsada. Sinadarin PEI miƙaƙƙe mai nauyin dalton 25,000 ya fi dacewa da aljihunmu, domin giram guda yana yin shekaru. A faranti mai rami shida, a shuka sel kusan 500,000 a kowane rami kwana guda kafin aiki, yadda za su rufe kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na ƙasan ramin. A narka maikurogiram 2 na DNA a maikurolita 100 na DMEM marar FBS, a narka maikurogiram 6 na PEI a wani 100, a haɗa, a jira minti 15, a ɗiɗɗiga a kan sel, a canja ruwan raino bayan sa'a shida ko washegari. Takardun kamfani sukan ce a jira a zafin ɗaki, kuma ɗakin da suke nufi mai digiri 20 zuwa 25 ne. Ɗakin Bauchi a watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai 40, wani abu ne daban, saboda haka a yi wannan haɗin inda akwai na'urar sanyaya ɗaki ko da sassafe.

Rami uku ba sa cikin abin da ake tsimi a kansu: wanda ba a sa masa komai ba, domin a san hasken da sel ke fitarwa da kansu, da wanda aka sa wa GFP tsura, da wanda aka sa wa alamar mazaunin da ake zato mai launi daban, kamar jan mCherry mai zuwa maitokondiriya.

Mataki na shida: dubawa da tantancewa

Haske yakan bayyana sosai tsakanin sa'a 24 da 48. Domin duba sel masu rai, a koma ruwan raino marar jan fenol, a sa HEPES mai daidaita tsami ko a yi amfani da ruwan raino na L-15 wanda ba ya buƙatar iskar kabon. Domin adanawa, a daskarar da su da farafomaldihaid kashi 4 cikin ɗari na minti 10 zuwa 15, a guji metanol wanda kan rage hasken ya kuma wanke furotin da ba a liƙe yake ba, a rina cibiyar sel da DAPI, a ajiye a duhu a firji. Gilashin da aka adana haka yana jure tafiyar mota a cikin akwatin sanyi, don haka wanda ke buƙatar maikuroskof na konfokal zai iya tuntuɓar cibiyar BioRTC ta Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu.

Ido yana ruɗuwa da sel mafi haske, alhali su ne mafi cika da furotin fiye da kima. A ɗauki hoton masu matsakaicin haske, da saiti guda ga dukan ramuka, a kuma rufe hasken na'urar duk lokacin da ba a dubawa domin fitilar tana ƙonewa. GFP tsura ƙarami ne, nauyinsa kilodalton 27, yana ratsa ƙofofin cibiyar sel ya cika ko'ina bai ɗaya. Idan hoton furotin ɗinka ya yi kama da wannan, da sauran rina a kaba. Manyan ɗigo masu tsananin haske kusa da cibiya sau da yawa tarin furotin ne da ya kasa naɗewa, kuma matakin farko a kansu shi ne a rage DNA zuwa rabi ko kwata, a cike giɓin da filasmid marar komai, a duba da wuri.

Hukuncin ƙarshe na Western blot ne, wato gwajin da ke ware furotin bisa nauyinsu, da antibodi mai kama GFP. Furotin mai kilodalton 44 ya kamata ya fito wajen 71. Layi mai kauri a 27 yana nufin fitilar ta rabu da mai ita, kuma hotunan da aka ɗauka nata ne ita kaɗai. Bayan wannan a kwatanta mazauninsa da na furotin na asali idan akwai antibodinsa, a kuma gwada ko yana aikin da aka san shi da shi.

Wannan haske na 'yan kwanaki ne, domin filasmid yana raguwa duk lokacin da sel suka rabu. Mai son zuriyar sel mai ɗorewa zai zaɓe su da maganin G418, tunda dangin pEGFP suna ɗauke da kariyarsa, bayan ya gwada ma'auni daban-daban tsakanin maikurogiram 200 da 1,000 a kowace mililita domin gano mafi ƙanƙantar da ke kashe sel marasa filasmid. Wannan ba ya yiwuwa da HEK293T, saboda sun riga sun jure G418 tun asalinsu, sai a nemi filasmid mai kariyar furomaisin ko haigiromaisin. Zaɓen yakan ɗauki kwana 10 zuwa 14, ana canja ruwa da magani duk bayan kwana biyu ko uku, sannan a ware tsibiran da suka tsira ɗaya bayan ɗaya, a sake yi wa kowannensu Western blot kafin a daskarar da shi a ajiye.